ALLURAR KASHE ZAFI TA JIJIYA: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

Sau da yawa talaka yakan karɓi takardar likita mai cewa sai an yi masa aiki, ya koma gida ya ɓoye ta. In an bincika sai a tarar maganin sa barci yake tsoro fiye da wuƙar kanta, gama ya taɓa jin an ce an sa wani barci bai farka ba. Haka zai zauna da ƙaba ko mugun rauni har ciwon ya gagari magani. An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu su sani akwai ayyuka da yawa da likita ke yi mutum yana farke, idonsa biyu, ba ya kuwa jin zafi, su kuma iya yi wa jama'arsu bayani.

Yadda Zafi Ke Tafiya A Jiki

Kalmar jijiya ta haɗa abubuwa dabam dabam. Akwai jijiyar jini, akwai agara mai ɗaure nama da ƙashi, akwai kuma jijiyar ji, wadda ita ake nufi a nan. Jijiyoyin ji farare ne kamar zare, sun taso daga ƙwaƙwalwa da laka, sun rarrabu cikin jiki duka. In ƙaya ta soki mutum a ƙafa, jijiya ce ke ɗaukar labarin ta kai wa ƙwaƙwalwa, sa'an nan ya ji zafi.

Misalinsa kamar gobara ce ta tashi a ƙauye, dagaci ya tashi manzo zuwa gari. Akwai hanya biyu ta hana labarin isa. Ko dai wanda aka aiko wa ya kasance yana barci, ko kuwa a tare manzon a mashigi. Maganin sa barci shi ne na fari. Allurar jijiya ita ce ta biyu, watau likita ya zuba magani kusa da jijiyar da ke kula da wurin da za a yi wa aiki. Maganin yana toshe ƙananan ƙofofin da wani gishirin jiki, mai suna sodiyam, ke bi ya shiga jijiyar, in kuwa bai shiga ba saƙo ba ya wucewa. Jin zafi da jin sanyi su ke fara ɗaukewa, jin dannawa yakan yi saura. Saboda haka majiyyaci yana iya jin ana taɓa shi ko ana jansa, wannan ba alamar maganin bai kama ba ne.

Asalin Wannan Ilmi

A shekarar 1846 aka fara nuna aiki da maganin shaƙa mai sa barci a gaban likitoci, a birnin Boston na Amurka. A 1884 wani likita a Ostiriya, Carl Koller, ya nuna cewa in an ɗiga koken a ido ana iya yi wa idon aiki mutum yana farke. Ba a daɗe ba William Halsted da Richard Hall suka gwada zuba shi kusa da jijiya a birnin New York. Amma koken yana da guba, yana kuma kama mai amfani da shi, har Halsted kansa ya kamu. A 1898 August Bier na Jamus ya yi allurar gadon baya, wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa. A 1905 aka shigo da furoken, wanda ba ya kama mutum. A 1911 waɗansu likitocin Jamus biyu, Hirschel da Kulenkampff, suka nuna yadda za a kashe hannu duka da allura ta fata, ɗaya a hammata, ɗaya a bisa ƙashin wuya. A 1943 aka haɗa lidoken a Suwidin, bufibaken kuwa ya shiga asibitoci a 1963. Waɗannan biyu har yanzu ana aiki da su ko'ina.

Dā likita yakan nemi jijiya da lalube da sanin tsarin jiki. Yau, a asibitin da ke da kayan aiki, yana amfani da na'urar hoton cikin jiki, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Yana ganin jijiyar, da bakin allurar, da yadda maganin ke kewaye ta, ya kuma kauce wa jijiyar jini.

Inda Ake Yin Ta Da Amfaninta

Domin aikin kafaɗa akan yi allurar a gefen wuya. Domin hannu da yatsu, a bisa ƙashin wuya ko a hammata. Domin cinya da gwiwa, a matsematsi ko a cinya. Domin ƙafa, a bayan gwiwa ko a idon sawu. Likitan haƙori ma ita yake yi kafin ya cire haƙori. Allurar gadon baya kuwa 'yar'uwarta ce, da ita ake yawan yin aikin ƙaba da gwaiwa da fitar da jariri, da ita kuma aka yi wa mata masu ɗimbin yawa gyaran yoyon fitsari a asibitin Babbar Ruga ta Katsina.

Amfaninta uku ne. Na fari, majiyyaci yana numfashi da kansa, wannan kuwa yakan zama sauƙi ga tsofaffi da masu ciwon ƙirji. Na biyu, amai da jiri ba su cika damunsa ba, yakan kuma ci abinci da wuri. Na uku, zafi ba ya dawowa da an gama aiki. Lidoken yakan riƙe sa'a 2 ko 3, bufibaken kuwa yana iya kai sa'a 12 ko fiye. Ta haka bukatar magunguna masu ƙarfi irin su taramol, waɗanda kowane hakimi ya san ɓarnarsu ga samari, takan ragu. Wani lokaci akan haɗa allurar da maganin barci, in likita ya ga haka ya fi.

Haɗarinta

Babu maganin da ba shi da haɗari. In maganin ya shiga jini da yawa mutum yakan ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, leɓɓansa su mutu, kunnensa ya yi ƙara, har ya kai ga farfaɗiya ko tsayawar zuciya. Akwai maganin wannan, amma a asibiti yake. Don haka lalle ne kada a yarda kowa ya yi wannan allura a shago ko a gida. Allurar gefen wuya takan sa murya ta dushe, fatar ido ta sauko, numfashi ya ɗan yi nauyi, su kuma wuce da wucewar maganin. Allurar gadon baya takan bar wa waɗansu ciwon kai mai tsananta in an tashi zaune. Lalacewar jijiya ta dindindin tana aukuwa, amma da wuya ƙwarai.

Abin Da Za A Gaya Wa Jama'a

Jama'a sun san yadda kuturta ke kashe jin hannu har mai ita ya ƙone bai sani ba. Wanda aka sallama da mataccen hannu yana cikin irin wannan haɗari na yini guda, ko da yake nasa mai wucewa ne, ba shi kuma da dangantaka da waccan cuta. Ga abubuwan da ya kamata malamin hakimi ya karanta wa dagatai da masu unguwa:

1. Kafin aiki a bar cin abinci sa'a 6, ruwa zalla kuwa sa'a 2, sai in likita ya faɗi wani abu dabam. Dalili shi ne, in allurar ba ta kama sosai ba, za a koma ga maganin barci.

2. A gaya wa likita duk maganin da ake sha, har da na gargajiya, musamman mai tsinka jini, da kuma ko wata allura ta taɓa ba mutum wahala.

3. A nisanta mataccen hannu ko ƙafa da wuta da ruwan zafi, balle lokacin ɗari da ake jin ɗumi. Kada a kwanta a kansa. A rataye hannun a wuya da ƙyalle.

4. Wanda aka kashe wa ƙafa kada ya tashi sai da mai riƙe shi, gama gwiwa takan lanƙwashe ba shiri. Kada ya hau keke ko babur.

5. A sha ƙwayar rage zafi da likita ya bayar tun kafin maganin ya sake. Sau da yawa yakan sake da tsakar dare, zafi ya zo gaba ɗaya.

6. Kada a kai gaɓar wurin mai ɗori ko wanzami, a tsaga ta ko a gasa ta wai don ta farfaɗo. Za ta farfaɗo da kanta, ta fara da tsikari kamar na ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

7. A koma asibiti nan da nan in yatsu sun kumbura, ko sun yi sanyi, ko launinsu ya sake, ko ɗaurin filasta ya matse, ko zafi mai tsanani ya ratsa maganin, ko numfashi ya yi wuya. Haka kuma in an kwana biyu ji bai dawo ba.

Ba kowane aiki ne allurar ta dace da shi ba, ba kuma kowane asibiti ke da wanda ya ƙware a kanta ba. Likita ne zai duba ya ba da shawara, majiyyaci kuma yana da ikon tambaya, yana da ikon ƙi. Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan bayani ranar taron dagatai, in kuma sun ji labarin wanda ya ɓoye takardarsa saboda tsoro, su sa a kira shi a karanta masa, a kuma ba shi ɗan rakiya zuwa asibiti. Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu.