Siririn mazari na tsibiran Hawai

1. Wane ƙwaro ne?

Da damina ana ganin mazari yana shawagi a bakin tabki. Ƙafafunsa shida ne, fukafukansa huɗu. Mazari kashi biyu ne, akwai babba, akwai siriri. In babba ya sauka bisa ciyawa, yana barin fukafukansa a buɗe. Shi kuwa siriri yakan haɗa su a bayansa. Idanunsa biyu suna nesa da juna, jikinsa kamar tsinke.

2. Ina yake zaune?

Hawai tsibirai ne a tsakiyar tekun Pasifik. Tsakaninsu da gaɓar Amurka akwai fiye da kilometir 3.000. Tun 1959 Hawai jiha ce ta ƙasar Amurka. Babban birninta shi ne Honolulu, a tsibirin Owahu.

A waɗannan tsibirai akwai siririn mazari fiye da iri 20 waɗanda babu su ko'ina a duniya sai can. Mutanen Hawai suna kiran su pinapinao. Ɗaya daga cikinsu masana sun sa masa suna Megalagrion xanthomelas. Tsawonsa bai kai santimetir 4 ba. Namijin baƙi ne da ruwan goro, macen kuwa ƙasa-ƙasa ce.

3. Yaya yake rayuwa?

Macen tana saka ƙwai cikin ciyawar ruwa. In ƙwan ya ƙyanƙyashe, ɗan mazari yana fitowa ba shi da fukafukai. Cikin ruwa yake zama. A ƙarshen wutsiyarsa akwai wasu abubuwa uku masu kama da ganye, da su yake numfashi. Yana cin ƙananan ƙwarin ruwa, har da ƴaƴan sauro. Yana girma yana saɓa kamar maciji.

In ya ƙosa, sai ya hau kara ya fito daga ruwa. Fatar bayansa ta tsage, mazari ya fito, ya shanya fukafukansa, ya tashi. Daga nan sai ya riƙa kama sauro da ƙananan ƙudaje a sama. Ke nan in babu ruwa mai kyau, babu mazari.

4. Me ya same shi?

A da, wannan mazari yana da yawa ƙwarai a ƙoramu da fadamun Hawai. A lokacin nan babu sauro a tsibiran. A 1826 wani jirgin ruwa ya kawo sauro, ya yaɗu, ya dami mutane.

A 1905 aka kawo wasu ƙananan kifaye daga Tekzas, a Amurka, don su cinye ƴaƴan sauro. Ana ce da su kifin sauro. Aka zuba su cikin ruwaye, suka hayayyafa da sauri. Amma kifin bai tsaya ga ƴaƴan sauro ba, ya faɗa wa ƴaƴan mazari. Su kuwa ba su san wannan maƙiyi ba, ba su iya kuɓuce masa ba. Garin neman gira aka rasa ido, domin mazarin ma mai cin sauro ne.

Ban da wannan, mutane sun janye ruwan ƙoramu zuwa gonakin rake, sun cike fadamu sun gina gidaje. Mazarin ya yi ta raguwa, har aka zaci ya ƙare sam a Owahu.

5. Yaya ake ceto shi?

A 1994 masana ƙwari suka sake ganin shi a Owahu, kusa da asibitin soja na Tripler. Yana cikin wata ƴar ƙorama, a wani wuri da tsawonsa bai wuce kamar metir 100 ba. Kifin sauro bai kai can ba, shi ya sa ya tsira. Don kada ƙoramar ta ƙafe, aka jawo tiyo ana zuba mata ruwa.

A 2016 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu. Doka ta hana a kashe shi. Masana suka shiga kiwon ƴaƴansa a ɗaki, kowane ɗaya cikin kofinsa, don kada su ci juna. In sun yi fukafukai, sai a rubuta musu lamba a fiffike, a sake su a ruwan da babu kifi. Da lambar nan ake gane waɗanda suka rayu. Akwai kuma sauransa a wasu tsibirai, kamar Molokai.

Abin da za a riƙe

Ɗan mazari a ruwa yake girma, yana cin ƴaƴan sauro. Baƙuwar halitta tana iya ƙarar da ta gida. Kafin a kai kifi ko tsiro wani sabon wuri, sai an bincika abin da zai ci da abin da zai ɓata.

Kalmomi

tsibiri: île
ƙorama: ruisseau
babban mazari: libellule
siririn mazari: demoiselle
sauro: moustique

Tambayoyi

1. Yaya ake bambanta babban mazari da siriri?
2. Da me ɗan mazari yake numfashi?
3. Don me aka kawo kifin sauro Hawai? Me ya biyo baya?
4. Shekara nawa ke tsakanin zuwan sauro da zuwan kifin?

Aiki

Ku tafi bakin tabki tare da malam. Ku dubi mazari ba tare da kun kama shi ba. Ku zana shi cikin littafinku, ku rubuta ko babba ne ko siriri.