Wayar maigida ta hana mu zaman hira

Anti, maigidana dillalin riɗi da zoɓo ne, yana saye a hannun manoma yana aikawa kasuwar Dawanau a Kano. Tun da ya riƙe babbar waya, gidanmu ya koma rumfar kasuwa. Ana cin tuwo yana ciniki a WhatsApp, tsakar dare direba na kira daga hanya. Yara sun daina kawo masa allo ya ji karatunsu. Na yi magana, ya ce da wayar nan muke ci. Yaya zan yi?

'Yar'uwarki daga Babura

Ƙanwata, gaskiya mijinki ya faɗa, kuma ki fara da amsa masa ita. Farashin riɗi na iya juyawa tsakanin safe da yamma, musamman da kaka, kiran da ya ƙi ɗagawa kuwa wani dillali zai ɗaga. Idan kika ce ya rabu da waya, ji zai yi kin raina guminsa.

Amma da can, idan kasuwa ta tashi ciniki ya tashi. Yanzu kasuwar ce ke biyo shi har tabarma, ba wanda zai tashe ta sai shi. A Faransa, tun 2017 doka ta ba ma'aikata haƙƙin rufe saƙonnin ofis bayan an tashi aiki. Mijinki ba shi da shugaban da zai kai ƙara, shi zai kafa wa kansa doka.

Don haka nemi abu ƙarami, mai iyaka: daga magariba zuwa isha'i a sa waya caji a ɗaka, a ci abinci, yara su biya masa karatu. Kiran direba da dare ki bar masa, domin mota ɗauke da kaya a hanya amana ce. Sauran masu tambayar farashi za su jira. Manhajar WhatsApp Business ma tana iya ba su amsa da kanta cewa ya tashi sai anjima.

Ki zaɓi lokacin da ya huta, ba a gaban yara ba, ki soma da maganar allon nan, ita ce za ta taɓa shi. Ke ma ki ajiye taki wayar a wannan lokacin. Ki rubuto mini bayan wata guda in ji yadda kuka yi.