Yadda tsoka take ginuwa

In nama ya dahu sosai, ana iya yage shi sili-sili kamar rama. Kowane sili dami ne na zaruruwa ƙanana, waɗanda ba a ganinsu sosai sai da madubin likita. Zare ɗaya ƙwayar halitta ɗaya ce. Galibin ƙwayoyin jiki cibiya guda gare su, amma zaren tsoka yana da ɗaruruwa.

Abin ya faro tun cikin ciki. Sa'ad da tayi yake da ƴan makonni, ƙwayoyin da za su zama tsoka ƙanana ne, kowace da cibiyarta. Suna ta rabuwa biyu-biyu, suna ƙaruwa. Daga baya sai su daina, su jeru, su haɗe su zama zare guda dogo. Zaren nan ba ya sake rabuwa.

Wa yake ba su umurni? Wasu sinadarai ne da ake kira furotin. A 1987, a birnin Siyatil na Amurka, Harold Weintraub da abokan aikinsa suka gano wani mai suna MyoD. Suka sa shi cikin ƙwayoyin ɓera waɗanda ba na tsoka ba, sai ga su sun juye sun zama na tsoka.

Amma MyoD ba ya aiki shi kaɗai. Sai ya kama abokinsa, furotin E, kamar shanun huɗa biyu ƙarƙashin karkiya ɗaya. Su biyun ne suke hawa kan DNA, watau rubutun gado da ke cikin cibiya, su buɗe wurin da ya ƙunshi umurnin ƙera tsoka. Akwai kuma na ukku, mai suna Id, wanda aka gano a 1990. Aikinsa shi ne ya riƙe E. Muddin Id yana da yawa, MyoD ba ya samun aboki, ƙwayoyi kuwa suna ci gaba da rabuwa. Wannan jinkiri ba na banza ba ne. Da sun haɗe tun suna kaɗan, da tsokar ba ta cika ba. Sai Id ya ragu sannan a ɗaura karkiya.

Tsoka tana da birki kuma, furotin mai suna miyostatin, wanda aka gano a 1997. A Beljik akwai shanun da birkin nan ya lalace a jikinsu. Namansu tuli ne, amma sau da yawa maraƙi ba ya fita sai likitan dabbobi ya yi wa saniya aiki.

Ba dukan ƙwayoyin suke haɗewa ba. Wasu suna kwance gefen zare har mutum ya tsufa. Alexander Mauro ya gan su a tsokar kwaɗo a 1961. In manomi ko ɗan kokowa ya ji ciwo a tsoka, su ne suke farkawa, su rabu, su toshe inda ya yage.

Jiki yana ƙera furotin ɗinsa daga abinci irin su wake, gyaɗa, nono, ƙwai da kifi. In yaro ya rasa abinci, jiki sai ya koma cin tsokarsa. Shi ya sa ake auna kaurin damtsen yara a asibiti. Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, in damtsensa bai kai milimeta 115 ba, tamowa ta yi tsanani, sai a kama magani nan take.

Tambayoyi
1. Don mi zaren tsoka yake da cibiya da yawa?
2. Mi zai faru in Id ya ragu da wuri?