Amsoshin Tambayoyinku: Hawan Jinin Ido

Wani mai sauraronmu daga Gwandu yana tambaya: me ke kawo hawan jinin ido, kuma yana warkewa da magani?

To, malam, a cikin ido akwai ruwan da ke tsattsafowa yana fita ta 'yar magudana. Idan ta toshe, ruwan ya taru ya danne jijiyar gani, sai gani ya riƙa zaizayewa daga gefe, galibi babu ciwo. Gado, wuce shekara 40 da yawan ɗiga maganin Dexamethasone ba da umarnin likita ba duk suna ƙara haɗarin.

Magungunan ɗigawa irin su Timolol da Latanoprost suna rage matsin ruwan, sai dai mai asma ya sanar da likita kafin a ba shi Timolol. Wani zai ce ya shekara yana ɗigawa bai ga sauƙi ba. Ai jijiyar da ta mutu ba ta farfaɗowa. Aikin maganin shi ne tsare ganin da ya rage, don haka ba a dainawa. 'Yan'uwa na Gwandu da Kalgo, asibitin Sir Yahaya na Birnin Kebbi na kusa. A je a auna ido tun ana gani.