Kuɗin Makaranta, Bashi da Asusu: Lissafin Magidanci a Abuja

Sau uku a shekara takardar kuɗin makaranta ke shigowa gida: a watan Satumba, da Janairu, da kuma wajen ƙarshen Afrilu. Babu uban da bai san haka ba tun ranar da ya kai ɗansa aji ɗaya. Amma a Kubwa da Nyanya da Lugbe da Gwagwalada, makon komawa makaranta shi ne makon neman rance, wani wajen aboki, wani wajen ƙungiyar ma'aikata, wani kuma a manhajar waya mai ba da bashi kafin a gama shan shayi. Abin da aka san ranar zuwansa, sai a tarbe shi a firgice.

Ba a ce laifin magidanci ne shi kaɗai ba. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A Abuja wannan ya fi ciwo, domin ƙaramin ma'aikaci ba ya kwana kusa da ofishinsa. Daga Mararaba ko Suleja ko Zuba yake tasowa da asuba, kuɗin mota ya cinye wani kaso na albashi tun kafin a yi maganar cefane. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma kasuwa ta riga shi tafiya. Ga kuma kuɗin haya, wanda masu gidajen Abuja suka saba karɓa na shekara guda a dunƙule.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne a makarantar gwamnati. Kyautar ba ta haɗa da kayan makaranta da takalmi da kuɗin tara ba, kuma ba ta hana yajin aiki. A 2025 malaman firamare na ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya sun shafe fiye da wata uku a gida kan batun sabon albashi, yara suna yawo a unguwa. Irin wannan ne ke tura iyaye makarantun kuɗi ko da aljihu bai kai ba. Kwalejojin haɗin kai na tarayya ma sun ɗaga kuɗin sabbin ɗalibai daga naira 45,000 zuwa 100,000 a 2023.

To, mene ne abin yi? Farko dai a ɗauki biro da takarda. A ce ana biya wa yaro naira 60,000 a kowane zango. A shekara 180,000 ke nan, a wata 15,000, a rana 500. Mai shago a kasuwar Wuse ko mai sayar da katako a Dei-Dei, wanda zai ji nauyin fitar da 60,000 a rana ɗaya, zai iya jefa 500 a asusu kowace yamma bai ji a jikinsa ba. Ma'aikaci kuwa ya ware nasa 15,000 ɗin ranar da albashi ya shigo, kafin 'yan uwa da masu biki su ji labari. Wanda ya ce sai ƙarshen wata zai ajiye abin da ya rage, yawanci ba ya samun abin ajiyewa. Wannan lissafin kuma shi ke nuna wa mutum gaskiyar ƙarfinsa: idan kuɗin makarantar yara uku ya fi rabin abin da ke shigowa gidan, makarantar ce ta fi ƙarfin gidan, kuma rance ba zai gyara wannan ba. Sauya wa yaro makaranta a farkon shekara ya fi a koro shi gida ana tsakiyar jarrabawa.

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma basussuka ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne mutane da yawa ke tafka asara ba su sani ba. Akwai bashin ɗan'uwa da na mai kanti, wanda ba ya haihuwa, sai dai ya ci mutunci idan aka daɗe. Akwai na ƙungiyar taimakon kai da kai ta wurin aiki, mai sauƙin ruwa, wanda ake cirewa daga albashi. Sannan akwai na manhajojin waya da wasu masu ba da rance, waɗanda ke faɗin ruwansu a wata domin ya yi kama da ƙarami. A ce an ranci naira 100,000 a kan kashi 15 cikin ɗari kowane wata. Cikin wata shida ruwan kaɗai ya kai 90,000, uwar kuɗin tana nan ba a taɓa ta ba. Mai irin wannan bashin da ke tara kuɗi a banki yana yaudarar kansa ne, domin abin da bankin zai ba shi a shekara bai kai abin da manhajar ke karɓa a wata ba. Shi ajiyarsa ta farko ita ce kashe wannan bashin. Ya bar 'yan kuɗi kaɗan a gefe saboda rashin lafiya, sauran duk ya zuba a kan bashi mafi tsada har bashin ya mutu, sannan ya koma kan mai bi masa.

Wasu manhajojin sun wuce tsada, sun kai ga cin zarafi. Suna kwashe lambobin da ke wayar mutum, idan ya makara da biya sai su aika wa surukansa da shugabansa na ofis saƙo cewa ɓarawo ne. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022, ta kuma wajabta musu rajista. Mai niyyar rance ta waya ya duba jerin waɗanda hukumar ta amince da su tukuna.

Sai batun inda za a ajiye. Adashi tsohuwar dabara ce, kuma har gobe tana aiki, musamman idan mutum ya roƙi uwar adashi a sa kwasarsa ta faɗo a watan Agusta, daf da sabuwar shekarar karatu. Amfaninsa kunya: ba a son a ce wane ya kasa zubi. Illarsa kuma ita ce babu wata hukuma da za ta biya idan wani ya kwashe ya gudu. Banki ya fi shi a nan. Tun Mayun 2024 hukumar inshorar ajiya, NDIC, ke lamunce wa kowane mai ajiya har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci, da miliyan 2 a ƙaramin banki. Wata guda bayan haka Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage, aka ga ranar wannan lamunin.

Sai dai asusun ajiya na banki ba ya tsere wa tsada. A ƙarshen 2024 abin da yake bayarwa bai wuce wajen kashi 8 cikin ɗari a shekara ba, wato naira 100,000 ta zama 108,000, alhali kayan da take saye sun doshi 135,000. Saboda haka kuɗin zango mai zuwa ne ya dace da banki. Na shekara biyu ko uku, kamar na yaron da zai shiga jami'a, akwai takardun lamunin ajiya da Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa ya fara sayarwa a 2017, waɗanda ake iya shiga da naira 5,000. Wanda ke gudun kuɗin ruwa saboda addini ba a bar shi a baya ba. Akwai sukuk na gwamnatin tarayya, shi ma tun 2017, wanda ake gina hanyoyi da kuɗinsa ana biyan masu shi haya sau biyu a shekara, ga kuma bankunan Jaiz da TAJ, dukansu hedikwatarsu na nan Abuja. Wata dabarar ma ba ta buƙatar banki: a sayi littattafai da yadin kayan makaranta tun lokacin hutu, kafin 'yan kasuwa su ga layi.

Abin da ba ajiya ba ne shi ne duk wata harka da ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata. Irin wannan harkar ce MMM, wadda ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025.

Ga ɗaliban manyan makarantu, an sami sabuwar ƙofa. A watan Afrilun 2024 aka sa hannu kan dokar da ta kafa asusun ba ɗalibai rance, NELFUND, aka buɗe neman rancen a watan Mayu. Babu ruwa a kansa. Kuɗin karatu makaranta ake tura wa kai tsaye, ɗalibi kuma yana iya neman naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Ya shafi makarantun gwamnati ne, irin su Jami'ar Abuja, banda masu zaman kansu. Uban da ke shirin cin bashi mai ruwa domin rajistar ɗansa ya kamata ya fara leƙa nan. Amma a zaunar da yaron a gaya masa cewa rance ne, ba rabon gwamnati ba, kuma da sunansa aka rubuta. Idan yana zaune a gidan iyayensa a Gwagwalada, yana iya karɓar na karatu ya bar na ɗawainiya, nauyin ya ragu. Biya yana farawa shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari daga albashinsa, ko daga ribar sana'arsa, har a gama.