Kafin ka zuba kifin teku a falonka

Sana'ata harhaɗa tankunan kifi da kula da ruwansu. Yawancin aikina na masu kiwon tarwaɗa ne a bayan gida, daga nan Sabon Tasha zuwa Unguwan Boro da Narayi, wani lokaci a kira ni Kafanchan ko Zonkwa. A 'yan shekarun nan kuma an fara samun masu son akwatin gilashi na ado a falo ko a harabar otal, wasunsu ma ba sa son kifin rafi, sai na teku, irin mai ruwan lemo da farin ratsi ɗin nan da yara suka sani tun fim ɗin Finding Nemo na 2003. Da su nake magana yau, amma mai tarwaɗa ma zai tsinci nasa.

"Oga, wace filta ce ta fi kyau?" Da wannan ake fara tarbata. Ni kuma sai in ce: Madam, awa nawa kike samun wuta a rana, kuma ruwan me ake sha a gidan? Wasu kan ɗauka kwana-kwana nake yi, alhali amsar waɗannan biyu ce ke zaɓar filtar.

Aikin filta kashi uku ne. Soso yana tare datti da ragowar abinci. Gawayin da aka sarrafa yana tsotse launi da wari. Waɗannan ido yana ganin aikinsu, shi ya sa mai shago ke nuna maka su. Na ukun ba a ganinsa, kuma shi ke riƙe da ran kifin. Kifi yana fitar da amoniya ta matsefar numfashinsa, kashinsa da abincin da ya ruɓe su ƙara. Amoniya guba ce. Akwai bakteriya da ke maƙalewa a jikin soso da duwatsu suna mayar da ita naitirait, wadda ita ma guba ce mai hana jini ɗaukar iska. Wasu bakteriyar kuma su mayar da naitirait ɗin ta zama naitiret, mai sauƙin illa, wadda ake ragewa da canjin ruwa. Waɗannan halittu ba a cikin kwalin filta suke zuwa ba. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su iya aikin. Wanda ya haɗa akwati ranar Juma'a ya zuba kifi ranar Asabar, ruwa garai-garai, ya zuba su ne cikin gubar da za ta taru a mako na biyu. A ruwan gishiri abin ya fi tsanani, domin ma'aunin pH nasa yana kusa da 8.2, kuma amoniya tana ƙara dafi idan pH ya hau, haka idan zafi ya ƙaru.

Saboda haka idan na ga mutum ya fito da soson filtarsa ya wanke tas a famfo, har da omo, nakan san me zai biyo baya. Kulorin da ke cikin ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta aka zuba shi, bai san na kirki da na banza ba. A matse soso a cikin bokitin tsohon ruwan da aka ɗebo daga akwatin, a mayar da shi yana ɗan dauɗa-dauɗa. Haka ake so.

A akwatin teku babban gidan bakteriya shi ne dutse mai ƙananan ƙofofi, irin na mataccen murjani, ko zobban yumɓu da ake sayarwa don haka. Dutsen Kagoro yana da kyan gani, amma a toshe yake, ba wurin zama a cikinsa. Marmara kuwa ƙarfe take saki a ruwa. Sai kuma sikima, wato injin kumfa: yana busa ƙananan kumfa cikin bututu, maiƙo da datti su manne musu, su taso su zube a wani kofi a sama kafin su ruɓe su zama amoniya. A ruwan gishiri yake aiki sosai. Mai tarwaɗa kada ya ɓata kuɗinsa. A ganina, akwatin da bai kai lita 100 ba, mai kifi biyu ko uku, zai rayu babu sikima idan ana canza ruwa kan kari. Da ya wuce haka, a saya.

Yanzu batun wuta, inda muka bambanta da waɗanda ke rubuta littattafan wannan harka a Turai. Akwai filta mai kama da rufaffiyar tukunya da ake ajiyewa a ƙasan akwati, tiyo biyu na shiga da fita. Tana da ƙarfi, ba ta ƙara, masu kuɗi na sonta. Amma idan aka ɗauke wuta ruwan cikinta ya tsaya, cikin 'yan awoyi iskar ciki ta ƙare, bakteriya su fara mutuwa, ta ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai. Da tsakar dare a dawo da wuta, ta kwarara wannan ruwan cikin akwatin kowa na barci. Gidan da ba shi da inbata ko sola, ba na sa masa ita. Na fi son duwatsu a cikin akwatin kansa, da ƙaramin famfo mai motsa ruwa, da famfon iska mai batir wanda ke tashi da kansa idan wuta ta tafi. Wutar da yake ci ba ta kai ta ƙwan fitila ba. Ruwan teku dama iskar da yake riƙewa ta gaza ta ruwan daɗi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Tarwaɗa ce ta lalata mu: tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sarari, sai ta kwana a ruwan da zai kashe kowane kifi, mu kuma mu ɗauka haka kifi yake.

Teku tana can Legas da Fatakwal, don haka ruwan haɗa shi za ka yi. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, kuma ba gishirin miya ba ne. Na miya ba shi da kalsiyam da magnesiyam da sinadaran da ke riƙe pH. Sai gishirin akwatin teku, wanda daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin dala. Yi lissafi tun kafin ka fara. Akwatin lita 100 zai ci kilo 3 da rabi a zubin farko. Idan kana canza lita 10 duk mako, kamar yadda ya kamata, giram 350 ke nan, wajen kilo 18 a shekara. A kwaɓa a bokiti na daban, a bar shi ya kwana, a auna da ma'aunin gishiri ya nuna kusan 1.025, sannan a zuba. Ruwan kwaɓin ma abin dubawa ne. Na burtsatse yakan fito babu iska, wani kuma idan ya kwana a baho sai ka ga ja-ja a ƙasa, ƙarfe ke nan. Na rijiya da damina yana kwaso taki daga gonaki, gansakuka ta rufe maka gilashi. Mafi aminci shi ne ruwan da ya bi injin tacewa na RO. Wasu masu ruwan leda suna da shi, a tambaya a sayi jarka.

Hunturu yana da nasa tarko. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska a bushe take, ruwa na tashi da sauri, amma gishiri ba ya tashi, yana nan yana ƙara kauri. Ja layi a jikin gilashi, kullum ka cike gurbin da tsagwaron ruwa mara gishiri. Masu cikewa da ruwan gishiri suna ta mamaki kifi na ramewa. Kifin teku yana son zafi tsakanin digiri 24 da 27. A Kafanchan da Kagoro, inda daren Disamba ke da sanyi na gaske, hita wajibi ce. A Maris da Afrilu kuma fanka za a juya wa saman ruwan, in ya yi tsanani a jefa rufaffiyar gorar ƙanƙara.

Sauran hidimar ba ta da yawa. Kofin sikima a zubar duk kwana biyu ko uku, gawayi a canza duk wata, amoniya da naitiret a auna duk mako. Bokiti da tiyon akwati kada su taɓa wanki. Maganin sauro na feshi, fiya-fiya ko na gwangwani, yana kashe kifi ko da kaɗan ne ya sauka a ruwa, kuma famfon iska zuƙo shi yake yi ya tura ciki. A kashe famfon, a rufe akwatin da jiƙaƙƙen zane, ko a fesa a wani ɗaki.

Lokacin Kirsimeti da Sallah ne nake yawan samun kira, idan masu gida sun tafi ƙauye sun bar wa yaro gwangwanin abinci. Yaro yana jin tausayin kifi, sai ya yi ta zubawa. Lafiyayyen kifi zai yi kwana biyu ko uku bai ci ba, babu abin da zai same shi. Kafin ka tafi, ƙulla abincin kowace rana a 'yar leda daban, ka ɓoye gwangwanin, ka nuna wa yaron layin da ke jikin gilashi da jarkar da zai riƙa cikewa da ita.