Ƙariya: A Datse Ta, Ta Ƙara Fure

Daga Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi, da wuya a samu furen da ya kai ƙariya jure rani. Ganyenta kan zube da hunturu, sai jajayen furanni su rufe rassa watanni. Ruwa take ajiyewa a kututturenta, shi ya sa yawan ban ruwa ke ruɓar da saiwarta. Rairayi da hasken rana take so.

Mai son fure da yawa ya datse dogayen rassa da wuƙa mai kaifi kafin damina ta kankama, don yankan ya bushe. Sababbin rassa za su tsiro, a bakinsu furen ke fitowa.

Ruwan jikinta dafi ne mai taɓa zuciya. A wanke hannu, a nisanta yankakkun rassa daga yara da awaki.